Kawuna Yana Caca, Shin In Ci Gaba Da Ba Shi Kuɗi?

Tambaya: Malam, kawuna ne ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Yanzu ya tsunduma cikin cacar ƙwallo ta waya. Fanshonsa ba ya kwana uku, sai ya kira ni in ranta masa. Ina jin nauyinsa. In na hana shi, na yanke zumunci?

Amsa: Allah Ya saka maka da alheri, ɗana. Haramcin caca ba shi da saɓani. A Suratul Ma'ida, aya ta 90, Allah Ya jera ta da giya da gumaka. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ce wa abokinsa "zo mu yi caca", to an umarce shi da ya yi sadaka. Wannan fa a kan furucin kawai ne, balle a yi cacar.

Don haka bai halatta ka miƙa masa kuɗin da ka fi zaton can za su tafi ba, kuma hanawar ba yanke zumunci ba ce. Annabi (SAW) ya fassara taimakon azzalumi da cewa a riƙe hannunsa. Amma kada ka rufe masa ƙofa. In ya ce magani, ka je ka sayo ka kai masa. In ya ce haya, ka ba mai gidan hannu da hannu.

Bashi iri biyu ne. Abin da aka ci shi a caca ba hakkin kowa ba ne, ba a biya. Rancen da ya karɓa a wurin mutane kuwa yana wuyansa. Sai dai kada ka yi gaggawar sauke masa, domin mai caca da ya ga an share masa bashi, sai zuciya ta raya masa cewa wannan karon zai rama.

Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban 'ya'yansa ba. Dubi Annabi Ibrahim a Suratu Maryam, yana maimaita "ya babana" ga mai bautar gumaka. In nauyi ya hana ka, nemi sa'ansa da yake jin maganarsa. Kuma ku ga likitan ƙwaƙwalwa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa jarabar caca cikin cututtuka.

In ya fara sayar da kadara iyalinsa na tagayyara, Malik da Shafi'i da Ahmad sun halatta a hana almubazzari tasarrufi da dukiyarsa, Abu Hanifa ya saɓa musu. Wannan aikin alƙali ne, kada ka ƙwace masa katin banki da ƙarfi.

Wallahu a'alam.