Burushi bai kamo komai ba, shin Baba ya kuɓuta daga kansa (ciwon daji)?

Tambaya: Likita, mahaifinmu ya kamu da ciwon shawara, hoton MRCP (hoton na'ura mai nuna bututun matsarmama) ya nuna bututun matsarmama ya tsuke a ƙofar hanta. An yi masa ERCP (zura kyamara ta baki har bakin bututun), an kankaro samfuri da burushi, an sa masa ɗan bututun roba. Sakamako ya ce ba a ga ƙwayoyin kansa ba, idonsa ma ya washe, amma likitansa ya ce a sake. Baffanninmu sun ce neman kuɗi ne, a koma gida a ba shi jiƙo. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Ku koma wurin likitan nan.

"Ba a gani ba" daban, "babu" daban. Cikin mutum 100 masu wannan kansar, burushi yana kama wajen 45 ne kawai. In an haɗa da ɗan hantsakin da ke tsinko nama, a kai kusan 60. Kansar tauri gare ta kamar tabo, tana bin ƙarƙashin fatar bututun, burushi kuwa sama-sama yake shara. In ya ce akwai, a yarda. In ya ce babu, ba a sallami kowa ba.

Washewar idon ita ta fi ruɗar mutane, kuma a nan ake asarar marasa lafiya. Robar nan hanya kawai ta buɗe wa ruwan matsarmama, ko kusa ba ta taɓa ƙarin da ya tsuke bututun ba. Sai dangi su ga fitsari ya yi haske, ƙaiƙayi ya lafa, su ce an warke, mai jiƙo ya karɓe yabon aikin roba. Robar nan takan toshe cikin kamar wata 3. Shawara ta dawo da zazzaɓi da makyarkyata, ƙwayoyin cuta su shiga jini, ƙarin da dā ake iya cirewa ya riga ya kama jijiyoyin hanta. Hantar da ke fama da toshewa kuma a ɗura mata saiwar da ba wanda ya san ƙarfinta! Baffannin su tambayi mai jiƙon ko ya taɓa ganin hoton bututun.

A zagaye na biyu, in akwai siririyar kyamarar da ke shiga har cikin bututun, ita ta fi, don ana kallon wurin ake tsinka, aƙalla sau 3 ko 4. A auna IgG4, wani sinadarin garkuwar jiki, a jini, domin akwai kumburin da ke kama da kansa sak, kuma yana jin magani. CA 19-9, gwajin jinin da ke hauhawa in akwai kansa, shi kaɗai ba hujja ba ne, toshewa ma tana ɗaga shi. Kada a soki ƙarin da allura kafin likitan tiyatar hanta ya duba hotunan, allurar na iya yaɗa ƙwayoyin cikin ciki. Shi ma yakan yanke shawarar yin tiyata ko nama bai tabbatar ba, in hoto ya nuna alama mai ƙarfi.

In zazzaɓi ya taso kafin ranar komawa, a kai shi asibiti a daren, kada a jira safiya.