Tambaya da Amsa: Wane Jamusanci zan koya kafin in sauka Frankfurt?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, na samu gurbin digiri na biyu a Bonn, da Turanci za a koyar shi ya sa ban taɓa zama na koyi Jamusanci ba, yanzu saura sati uku in tashi daga Abuja kuma ban taɓa hawa jirgi ba. Na buɗe littafin nahawu na ga der, die, das kaina ya ɗau zafi. Dan Allah me zan fara haddacewa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya alheri. Ka rufe littafin nan tukuna. A jirgin Lufthansa duk sanarwar da aka yi da Jamusanci sai an maimaita da Turanci, allunan filin jirgin Frankfurt ma harshe biyu ne, 'yan sandan da ke duba fasfo kuma suna jin Turanci, ka dai riƙe takardar shiga makaranta da adireshin masaukinka a jakar hannu don za su iya tambaya. Abin da sati uku zai ishe ka shi ne gaisuwa, lambobi da agogo.

Duk wanda ba ka sani ba ka ce masa Sie wato "kai" ta girmamawa, kar ka kuskura ka ce wa jami'i du, wannan "kai" ɗin na abokai ne da yara. Guten Tag wato barka da yini, bitte wato dan Allah, danke wato na gode, sai Entschuldigung in za ka tsayar da mutum. Daga nan ka riƙe "Wo ist" ka dinga liƙa mata abin da kake nema, Wo ist der Ausgang wato ina ƙofar fita, Wo ist die Gepäckausgabe wato ina ake ɗaukar kaya, Wo ist der Gebetsraum in sallah za ka yi, akwai ɗakin sallah a filin. In akwatinka bai fito ba ka ce "Mein Koffer ist nicht angekommen", ka nuna ɗan tikitin kayan da aka manna maka a Abuja. In ka kakare gaba ɗaya, "Können Sie mir helfen?" wato za ka iya taimaka min? Ka lura aikatau na biyun, helfen, can ƙarshen jimla yake tafiya, haka suke yi, za ka saba.

Shi der, die, das ɗin da ya firgita ka, wato kalmomin da ake sa wa gaban suna don nuna jinsinsa, ba wanda zai hana ka wucewa don ka saka wani a gurbin wani. Dabara ɗaya kawai zan ba ka, dogayen kalmominsu haɗe-haɗe ne kuma ta ƙarshe ce ke mulki. Flug tashi, Hafen tasha, sai ya zama der Flughafen saboda Hafen der ne. W ɗinsu v ake furta ta, V kuma f, Z kamar ts.

Inda nake so ka ɓata lokacinka shi ne lambobi, don Bajamushe daga baya yake farowa, 21 sai ya ce einundzwanzig wato ɗaya da ashirin, kai kuma kana gaji kana jin bacci sai ka ji 45 ka nufi 54. Agogo ya fi wannan rikici, halb acht ba takwas da rabi ba ne, bakwai da rabi ne, wallahi mutane da yawa sun yi latti a kan wannan. A tikiti kuma awa 24 suke rubutawa, 19:30.

Kuma fa ainihin jarrabawar sai ka fito neman jirgin ƙasa. Tashoshi biyu ne a filin, Regionalbahnhof na kusa da Fernbahnhof na dogon zango, kai na biyun za ka nufa ka hau ICE wato jirgin ƙasa mai gudu zuwa tashar Siegburg/Bonn, bai kai awa ɗaya ba. Gleis shi ne layin da jirgin zai tsaya, Verspätung jinkiri, in ka ji "fällt aus" an soke shi ke nan. Darasin Nicos Weg na DW kyauta ne a intanet, a filin jirgi ma labarin ya fara, ka dinga yin minti 20 kullum da belin kunne.

TAMBAYA: Anti zan iya kai wa mijina kilishi da man shanu Jamus? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

AMSA: A'a 'yar'uwa. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, har dambun nama, jami'an Zoll wato kwastan za su kwace kuma ana iya cin tararki. Ƙofa biyu za ki gani, kore ta wanda ba shi da abin bayyanawa, ja ta mai shi, in kuma tsabar kuɗin hannunki sun kai Yuro 10,000 dole ki bi ja ki faɗa.