Filin Tambaya da Amsa: Shin manyan kulob tara yara kawai suke suna kashe masu ƙwallo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki ya iyali. Ni mai karanta filin nan ne daga Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina. Gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a gidan kallon unguwarmu, ni na ce kulob masu kuɗi irin su Chelsea da Man City siyan yara kawai suke su jibge ba don suna buƙatarsu ba har yaro ya lalace a benci, abokaina 'yan Chelsea suka ce hassada ce kawai don ni ɗan Arsenal ne. Kuma abin ya shafe ni don ƙanena shekarunshi 17, yana buga tsakiya, wani ejan ya fara zuwa gida yana cewa zai kai shi babban kulob a Turai. Don Allah mi gaskiyar magana?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya raya mana ƙanen naka ya sa albarka a ƙafarsa. Gaskiya kai ne kan hanya a gardamar nan, sai dai kar ka yi saurin zuwa gidan kallo kana murna, don Arsenal ɗin taka ma tana cikin labarin, za mu zo kanta.

Bari mu fara da Chelsea tunda su ne suka yi ƙaurin suna. A kakar 2018/19 sun tura 'yan wasa sama da 40 aro lokaci guda, alhali a fili mutum 11 ake sakawa, kuma rajistar Firimiya mutum 25 ce banda 'yan ƙasa da shekara 21. To ka ga wanda yake da 40 a waje bayan waɗanda ke gida ai ba tim yake haɗawa ba, kasuwanci yake. Kamar dai mai kuɗi ne ya shiga kasuwar Mai'adua ya kwashi ƙananan raguna da araha ya rarraba wa mutanen ƙauye kiwo, wanda ya yi ƙiba a sayar da tsada lokacin Layya, wanda ya rame kuma babu wanda zai ƙara tambayarsa, ribar guda biyu ko uku ta isa ta rufe asarar sauran. Shi kulob bai yi asara ba, amma shi yaron da ya rame fa shekarunsa ne suka tafi kuma ba za su dawo ba.

Kalli Kenneth Omeruo, namu ne. Chelsea ta saye shi a Janairun 2012, ya ci kofin Afirka da Super Eagles a 2013 yana ɗan matashi yana tsare baya kamar wani tsohon hannu, amma har ya bar kulob ɗin a 2019 bai taɓa buga masu wasan gasa ko ɗaya ba. ADO Den Haag a Holan, Middlesbrough a Ingila, Kasimpasa da Alanyaspor a Turkiyya, sai Leganes a Sifen inda daga ƙarshe suka saye shi. Shekara 7 yana ɗan Chelsea a takarda. Lucas Piazon ɗan Brazil ma haka, ya zo ana ta zuzuta shi, wasa 3 kacal ya buga wa babbar tim, aka yi ta yawo da shi aro har ya tafi Braga a 2021, lokacin ƙuruciyar ta riga ta wuce.

Mutane na ɗauka aro ai wasa ne yaro zai samu, ina matsalar. Matsalar a zaman take. Duk shekara sabon koci, sabon yare, sabon gida, ka fara sanin abokan wasanka kenan sizin ya ƙare ka haɗa jaka. Kuma shi kulob ɗin da ya are ka ya san ba nasa ba ne kai, in akwai yaronsu da kuke lamba ɗaya shi za su saka don shi za su iya sayarwa su ci riba, in kuma suka ga za su faɗa rukunin ƙasa nan take koci zai koma kan tsofaffi ya ajiye ka a benci da rigar sanyi kana ɗumama jiki a gefen fili daga minti 60 har a tashi ba a kira ka ba. Wannan shi ke cin yaro, wallahi ina jin abin nan a raina duk lokacin da na gani, don tsakanin shekara 18 zuwa 22 ne ɗan wasa ke koyon abin da tirenin ba ya koyarwa, ka yi kuskure gaban dubban mutane a ci ku saboda kai, sati mai zuwa a sake saka ka ka gyara.

Yanzu ga taka Arsenal. A gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da Najeriya ta ci a Chile a 2015, Kelechi Nwakali shi ne kyaftin kuma shi aka ba gwarzon gasar, Victor Osimhen kuma ya fi kowa cin ƙwallo da 10. Nwakali ya tafi Arsenal a 2016, bai buga masu ko wasa ɗaya ba, aka tura shi MVV da VVV-Venlo a Holan, sai ƙaramar tim ɗin Porto, aka sallame shi zuwa Huesca a 2019. Osimhen shi ma ya sha wuya a Wolfsburg ko ƙwallo ɗaya bai ci ba, amma da ya sauka Charleroi ta Beljiyam inda ake saka shi duk sati sai ga shi ya buɗe wuta, daga nan Lille a 2019, Napoli a 2020, gwarzon Afirka a 2023. Ka lura shi ma aro ne ya kai shi Charleroi, don haka ba aron kansa ne mugu ba, aron da babu shiri a bayansa shi ne mugu. Liverpool ma ta riƙe Taiwo Awoniyi daga 2015 zuwa 2021 bai sa masu riga a gasa ba saboda takardar izinin aiki a Ingila, kuma sun san da wannan matsalar tun ranar da suka saye shi.

Abokanka 'yan Chelsea za su ce to ai Victor Moses ya je aro Liverpool da Stoke da West Ham ya dawo ya ci Firimiya da koci Conte a 2017. Gaskiya ne, kuma albashin da babban kulob ke biya ba wasa ba ne ga yaron da ya fito daga gidan talakawa, ba zan raina wannan ba ko kaɗan. Amma ka tambaye su De Bruyne da Salah da su ma suka yi zama a Chelsea fa? De Bruyne wasan Firimiya 3 ya buga masu ya ce shi a sayar da shi, ya tafi Wolfsburg a 2014. Salah sai da ya bi ta Fiorentina da Roma kafin Liverpool ta ɗauko shi a 2017. Duk sai da suka fita suka zama abin da suka zama. Kuma shekarar da FIFA ta hana Chelsea siyayya a 2019 saboda karya dokar ɗaukar yara 'yan ƙasa da 18, kocinsu Lampard dole ta sa ya saka yaran kulob ɗin irin su Mount da Tammy Abraham da Tomori da Reece James, suka kuma gama na 4. Kenan yaran suna nan da ma, hanya ce aka tare masu.

FIFA ta sa doka daga Yulin 2022, aro zuwa ƙasashen waje kar ya wuce mutum 8, ya koma 7, daga 2024 ya zama 6, kuma ba a ba kulob ɗaya fiye da 3. Ta rage ɓarna amma masu kuɗi sun riga sun sami wata ƙofar, yanzu kulob ɗin kansa suke saye. Masu Chelsea sun sayi Strasbourg ta Faransa a 2023, masu Man City kuwa suna da Girona da Troyes da wasu da dama, sai a riƙa juya yaro tsakanin gidajen mutum ɗaya.

Maganar ƙanenka, wadda ita ta fi damuna. Na farko, dokar FIFA ta hana a kai yaro ɗan ƙasa da 18 kulob a wata ƙasa sai da wasu 'yan dalilai ƙalilan, don haka ejan da ya ce zai kai ɗan shekara 17 daga Katsina ya sa hannu a Turai yanzu yanzu, ku bi shi a hankali. Ku ce ya nuna lasisinsa na FIFA, ku ga takardar gayyata daga kulob ɗin da kansa ku tabbatar da ita, kuma in ya ce ku kawo kuɗin biza ko na tikiti to kar baba ya sayar da gona ko fili, kulob ɗin da ke son yaro da gaske shi ke ɗaukar wannan nauyin. Kar a sa hannu a kowace takarda sai lauya ya karanta.

In kuma Allah ya kawo tayin gaske, kar sunan kulob ya ruɗe ku, ku tambaya wa ke buga lambarsa a can, mutum nawa ne a gabansa, in aro za a tura shi ina ne kuma shekara nawa ne kwantiragin. Ahmed Musa daga Kano Pillars VVV-Venlo ya fara zuwa a 2010, ƙaramin kulob, ya buga ya nuna kansa sannan CSKA Moscow ta zo da kanta a 2012. Ni da ƙanena ne, na fi son in gan shi yana buga minti 90 duk sati ko da a filin Karkanda ne a nan gida har ya cika 18, daga nan a nemi Beljiyam ko Denmak ko Nowe inda suke saka yara da gaske. Ka gaida baba, kuma in ejan ya kawo takarda ka sake rubuto mana abin da ke ciki kafin kowa ya sa hannu.