Amsar Goggo kan karatun 'ya mace da riƙe waya

Ɗana, ina gaishe ka da iyali. Saƙonka ya iso. Ka ce yarinyarka ta gama sakandare, tana son ta ci gaba ta karanci kwamfuta, ta kuma roƙe ka waya mai intanet, amma wasu cikin dangi sun ce ba al'ada ba ce: 'ya mace ba ta zurfin karatu, waya kuma sai a ɗakin miji. Kana tambaya ko haka magabata suka bar mana.

Ba haka suka bar mana ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma naɗa jajoji, wato malamai mata, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, su da ɗalibansu ake kira 'yan taru. Duk wanda ya ce maka ilimin mace baƙon abu ne, ka tambaye shi ko ya fi Shehu kishin 'yarsa.

Kuma wannan magana ba a kanmu aka fara ta ba. Kusan kowace ƙasa mai tasowa ta ji ta. A ƙasar Bengal, Begum Rokeya ta sha suka lokacin da ta buɗe makarantar 'yan mata Musulmi a Kalkata a 1911, sai da ta bi gida-gida tana lallashin iyaye. Shekaru sun ja, a 1994 gwamnatin Bangladesh, wadda a da ɓangare ce na Bengal ɗin, ta fara biyan kuɗin makarantar 'yan matan karkara tana ba su ɗan tallafi, bisa sharaɗin yarinya ta riƙa zuwa aji, ta ci jarrabawa, kada kuma a aurar da ita kafin ta gama ko ta kai 18. Ba a daɗe ba 'yan mata suka kamo maza a sakandare, har suka zarce su. To, mutanen nan dare ɗaya suka sauya hali? Ina! Nauyin aljihu aka sauke musu. Uba mai 'ya'ya shida da ƙarfin biya wa biyu zai zaɓi maza, ya ce al'ada ce, don ya fi sauƙin faɗi a kan ya ce ba shi da shi. Wani kuma nisan makarantar yake tsoro, ko rashin malamai mata, ko rashin banɗaki ga yarinyar da ta fara girma. Waɗannan damuwa ce ta gaskiya, ba na raina su, amma kowacce tana da magani.

Dubi Afganistan. Tun 2021 aka hana 'yan mata wuce aji shida, a ƙarshen 2022 aka rufe musu jami'a. Masu wannan doka su ne kuma ba sa son likita namiji ya duba matansu. Nan da shekara goma, wa zai karɓi haihuwa? Wannan tambayar nake so ka yi wa masu ba ka shawara, don na san su, da matar ɗayansu za ta kwanta asibiti, likita mace zai fara nema.

Sai batun waya, wanda na ga shi ya fi tsaya maka a rai. Ba zan ce maka babu haɗari ba. Akwai 'yan damfara, akwai marasa tsoron Allah da ke yaudarar yarinya ta tura hoto, daga baya su riƙa yi mata barazana da shi, akwai kuma ɓata lokaci a banza. Sai dai yayyenta maza ma suna cikin haɗarin nan, ban ji wanda ya ce a ƙwace tasu ba.

Abin da masu hanawa ba sa lissafawa shi ne abin da ake rasawa. Yanzu neman gurbin karatu, duba sakamakon jarrabawa, neman aiki, karɓar kuɗi, duk ta waya ake yi. A Kenya, bayan an fara tura kuɗi ta waya da tsarin M-Pesa a 2007, wani bincike da aka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa gidaje kusan 194,000 sun fita daga matsanancin talauci, kuma gidajen da mata ke riƙe da su ne suka fi amfana. Dalilin a fili yake: kuɗin mace ya riƙa shiga hannunta kai tsaye. Wadda take aron wayar miji ko ta ƙani, kuɗinta ta hannun wani yake biyowa, sirrinta ma haka, ko ciwo take so ta tambaya a kai sai ta ji kunya ta fasa.

Shawarata, ka saya mata, layin ya kasance da sunanta. Ka zaunar da ita tare da mahaifiyarta, ku gaya mata lambar sirri ba a ba kowa, ko da mai kiran ya ce daga banki yake, hoto kuma idan ya fita ba ya dawowa. Wanda ya fi duka: ka yi mata alkawarin cewa idan wani ya tsorata ta, ta zo ta faɗa maka, ba za ka ƙwace wayar ba. Yara da yawa suna ɓoye masifa ne don gudun a hukunta su a kan laifin wani.

Idan manema suka fara zuwa, a yi maganar karatun a gaban waliyyai tun kafin a sa rana, kowa ya ji da kunnensa. Su kuma dangin da ke damunka, ka ce su kira ni.

Ka gaida mahaifiyarta da yara. Allah ya yi muku albarka.