Sigar mara ƙarfi da ta shekara 8 a ajiye

Malam, ka ce an kawo maka tsarabar sigar (wato tabar nan mai kauri da ake naɗewa da ganyen taba) marasa ƙarfi na ƙasar Jamhuriyar Dominika da suka shekara 8 a akwati, kana tambaya ko ɗanɗanonsu ya ƙaru. Gaskiya bai ƙaru ba, laushi dai ya yi. Warin amoniya da yajin nan mai kartar maƙogwaro sun tafi, sai hayaƙi mai taushi da ƙamshin katakon akwatin, da ɗan gardi kamar na soyayyar gyaɗa. Amma ganye mara ƙarfi ba ya jure shekaru da yawa, wata in ka kunna sai ka ji kamar busasshiyar ciyawa.

Sharaɗin ajiye ta shi ne danshi. Sigar na son danshin iska ya kai kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, hunturun Kano kuwa ba ya barin laima a jikin komai. Na taɓa barin guda uku a durowa cikin Disamba, ba a yi mako biyu ba ganyen waje ya tsattsage, ina taɓawa yana ƙaras-ƙaras. Ka matsa ɗaya daga cikin naka a hankali da yatsu biyu, in ta ɗan lotsa ta dawo, lafiya lau. Kuma kada ka haɗa ta da shayi mai citta, zai danne ɗan ƙamshin da ya rage.