Tambaya da Amsa: Ina da digirin Fiziks, ta ina zan fara koyarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na gama digirin Fiziks a kwalejin kimiyya, ban yi tarbiyya ba, wato karatun koyon malanta. Tun da aka sake buɗe makarantu, sakandaren unguwarmu ba ta da malamin Fiziks. Zan iya koyon aikin a cikin makaranta, ko dole sai na koma jami'a?
Wani mai karatu daga Mai Wurno, jihar Sinnar.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Ka shiga aji, amma kada ka shiga kai kaɗai.

A Sudan hanyar da aka saba ita ce kwalejin tarbiyya, irin ta Jami'ar Khartoum da ke Omdurman ko ta Jami'ar Jazira da ke Hantub, inda ake tura ɗalibi makaranta ya gwada koyarwa a gaban mai duba shi. Mai digirin kimiyya irinka kuwa, diflomar tarbiyya yake ƙarawa. Ka neme ta, domin ita za ta tsaya maka wajen neman aikin gwamnati. A Ingila akwai tsarin da mai digiri ke shafe shekara guda a cikin makaranta ƙarƙashin gogaggen malami har ya sami shaidar koyarwa. Mu ma abin ba baƙo ba ne: cibiyar Bakht al-Ruda da aka kafa kusa da Duwaim a 1934 ta kasance tana da makarantun da masu koyon malanta suka riƙa gwaji a cikinsu.

Kafin difloma, je wurin shugaban makarantar ka roƙi a haɗa ka da tsohon malami, ko na lissafi ne. Ka zauna a bayan ajinsa ka kalla, shi ma ya zauna a bayan naka ya gyara maka. Abin da jami'a ba ta nuna maka ba shi ne abin da ke cikin kan yaro. Da yawansu sun yi imani dutse mai nauyi ya fi ƙarami saurin faɗuwa, kuma za su ci jarrabawa da wannan imanin muddin ba su gani da idonsu ba.

Rashin ɗakin gwaji kada ya tsorata ka. Ɗaura dutse a zare mai tsawon mita 1, ka sake shi yana lilo: zuwa da dawowa kusan daƙiƙa 2 ne. Su ƙirga lilo 20 da agogon waya, su raba lokacin gida 20, su fitar da 9.8 da hannunsu, wato adadin yadda ƙasa ke ƙara wa abin da ke faɗuwa sauri (g). Sannan ka canza dutsen da wanda ya fi shi nauyi, ka tambaye su abin da suke zato kafin ka sake shi.