Launin duhu a manhajar haɗa sauti da gajiyar ido

Tambayarka ita ce ko mayar da fuskar manhajar haɗa sauti zuwa launin duhu zai rage zafin idon da kake ji in ka daɗe kana aiki da dare. A ɗaki mai ƙarancin haske yakan taimaka, domin farin allo yana dallare ido, kuma ma'aunin ƙarfin sauti ya fi fitowa fili a kan baƙi. A Audacity, ɗaya daga cikin manhajojin haɗa sauti, zaɓin launin duhu yana cikin Preferences (sashen saituna), ƙarƙashin Interface, kuma ba ya taɓa ingancin sautin ko kaɗan. Kuskuren da aka fi yi shi ne kashe fitilar ɗaki gaba ɗaya alhali hasken allo yana ƙure. Idan rubutu yana yi maka dishi-dishi ko ciwon kai ya ƙi tafiya, ka ga likitan ido, domin wataƙila tabarau kake buƙata.